Yadda ake miƙa mai kira daga wani mataimakin murya zuwa wani ba tare da ya maimaita bayani ba

Mutum ya bugo waya, mataimaki na farko ya ɗauka, ya karɓi sunansa da lambar odarsa, ya saurari kokensa tsaf, sannan ya ce bari ya haɗa shi da sashen kuɗi. Sai shiru. Can sai ga wata murya: "Barka da war haka, da me zan taimaka?" Nan mai kira ke yin tsaki ya kashe wayarsa. Kusan duk sabon shiga a nan yake faɗuwa, kuma ya kwana yana binciken layi, alhali matsalar tana cikin abin da aka miƙa.

Maganar nan ta mataimakan da kai ka gina ce, wato manhajojin AI masu amsa waya da murya, da kayan gini irin su LiveKit Agents, ko Squads na Vapi, ko Agents SDK na OpenAI. Kada ka sa ran Siri ta Apple za ta miƙa ka ga Alexa ta Amazon. Amazon da Microsoft sun taɓa haɗa Alexa da Cortana a 2018, mutum ya umarci ɗaya da bakinsa ta buɗe masa ɗayar, a 2021 aka rufe abin.

Fara da raba aiki, amma kada ka yi zari. Uku sun isa: mai tarba, mai oda, mai kuɗi. Ba a ƙirƙirar sabon mataimaki sai in kayan aikinsa ko ikonsa ya bambanta, kamar wanda zai iya mayar da kuɗi da wanda bai da hurumin taɓa su. Mai mataimaka takwas a shagon da ke sayar da kaya iri ɗaya wahalar da kansa kawai yake yi.

Daga nan sai ƙofar miƙawa. A duk waɗannan manhajoji, miƙawa wani aiki ne, wato ɗan shirin da ka rubuta a manhaja, da mataimakin ke kira idan ya ga dama. A na OpenAI sunan aikin yana farawa da transfer_to_, a LiveKit kuma aikin ne ke dawo da sabon mataimakin. Bayanin da ka rubuta a kan ƙofar shi mataimakin ke karantawa ya yanke hukunci. In ka rubuta "matsalar kuɗi" kawai, duk wanda ya tambayi farashi za a tura shi can. Rubuta ƙarara: a yi amfani da ita in an cire wa mutum kuɗi sau biyu ko yana neman a mayar masa, kada a yi amfani da ita don tambayar farashi.

Yanzu ga inda aikin yake: me za a miƙa?

Masu koyo kashi biyu ne. Akwai waɗanda ba sa miƙa komai, su ne masu "da me zan taimaka". Akwai kuma masu juye wa sabon mataimaki hirar gaba ɗaya, har da umarnin da aka rubuta wa na farko da duk ayyukan da ya kira. Sakamakon shi ne mai kuɗi ya karanta cewa shi mai tarba ne, ya rikice, ya nemi kiran aikin da ba shi da shi, ko ya sake miƙa mutumin ga sashen kuɗi, wato ga kansa. Ga kuma tsada, domin kowace amsa sai an sake biyan kuɗin karanta wannan tulin.

Abin yi shi ne takardar miƙawa mai gurabe tsayayyu, da manhajarka ke riƙewa tun daga farkon kira: suna, lambar waya, lambar oda, ko an tantance shi, buƙatarsa a jimla ɗaya, abin da aka riga aka yi, alkawarin da aka ɗaukar masa, da harshen da yake magana da shi. Gurbin alkawari shi ake yawan mantawa. Na farko ya ce za a mayar da kuɗi yau, na biyu bai sani ba ya ce sai bayan kwana uku, rigima ta tashi. A kan takardar sai ka ɗora maganganu shida na ƙarshe, na mai kira da na mataimaki, ka cire tsohon umarni. In za ka yanke tarihin hira, lura kada ka raba kiran aiki da amsarsa. OpenAI na ƙin karɓar saƙon da ke da kiran aiki babu sakamakonsa, kuma kuskuren zai fito ne daidai lokacin da mutum ke kan layi yana jira.

Lambobi ba a barin mataimaki ya taƙaita su. Layin waya na yau da kullum kilohaz 8 ne, sautin a matse yake, manhajar da ke mayar da magana rubutu kuwa takan ji "biyar" a inda aka ce "biyu". Ga shi mutanenmu suna cikin Hausa sai su karanto lambar waya da Turanci ko Faransanci. Saboda haka na farko ya maimaita lambar, mai kira ya ce haka ne, sannan manhaja ta ƙirga: ta Najeriya 11 ce in an fara da sifili, ta Nijar 8. In ta cika sai a rubuta ta a gurbinta, kada a sake taɓa ta. Gurbin tantancewa ma manhaja ce kaɗai ke cika shi, bayan an duba amsar mutum da rumbun bayanai. In ka bar shi a hannun mataimaki, wani zai bugo ya ce ai an riga an tantance shi, maganar ta shiga taƙaitawa, na biyu ya yarda.

Sai lokaci. Aikin miƙawa yakan gudana tun muryar na farko ba ta gama fita ba, a yanke ta a tsakiyar kalma. Jira sautin ya ƙare. A wannan jimlar kaɗai ka hana katsewa, amma makirfo ya ci gaba da ɗauka, don mutane kan ƙara bayani a daidai gaɓar, irin su "af, kuma jiya ne aka cire". Sabon mataimaki shi zai fara magana, kada ya jira. A LiveKit wurin sa wannan shi ne on_enter, sashen da ke gudana da zarar mataimaki ya karɓi kira. Jimlarsa ta farko ta nuna ya san zancen: "Hajiya, na ga an cire miki naira dubu goma sha biyu har sau biyu, haka ne?" Babu sabuwar gaisuwa. In shirun tsakani ya kai daƙiƙa biyu za ka ji ana "halo, kana jina?", don haka ɗauko bayanan asusun tun na farko yana sallama.

Ni dai murya ɗaya nake bai wa kowa shawarar amfani da ita. A Realtime, wato tsarin hirar murya kai tsaye na OpenAI, ma ba a iya sauya murya da zarar ta fara magana a zama ɗaya, sai an buɗe sabon zama, wanda ƙarin shiru ne.

Sa ma'aunin ƙirga miƙawa. In an kai uku a kira ɗaya, ana ta jifa da mutum ne tsakanin mai oda da mai kuɗi, a tura shi ga ɗan Adam. In ta SIP REFER ka tura, wato umarnin da ke juya kira zuwa wani layi, kiran ya bar hannunka kuma takardar ba ta bin sa, sai ka aika wa ma'aikacin ita a allonsa kafin ya ɗauka. Gwaji kuma da ƙaramar waya ake yi, kusa da janareta, kana katse mataimakin, kana sauya magana a tsakiya. Adana takardar kowace miƙawa da sautin daƙiƙa goma kafin ta da goma bayanta, ka saurari ashirin ɗin farko da kunnenka.