Yadda na daina tada mutanen gida da jitata

Da zafin Sakkwato ya kankama, kowa a gidanmu na Mabera tsakar gida yake kwana. Amfilifayata, wato na'urar da ke ƙara sautin jitata, mai wat 50 ce, ko na rage ta ƙasa sai katanga ta ɗauka. Wata rana Inna ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, a bar mu mu runtsa." Na ji kunya ƙwarai.

Da farko na lulluɓe lasifikar da bargo, sai sautin ya dushe, na'urar kuma ta ɗau zafi. Kada kowa ya gwada haka.

Sai na sayi wata amfilifaya mai suna Vox amPlug, 'yar ƙarama kamar akwatin ashana. Kai tsaye ake cusa ta a jikin jitar, a jona abin ji na kunne. Batir AAA biyu take ci, don haka ko an ɗauke wuta ina atisayena bayan sallar isha'i, Inna na barcinta a kan tabarma.