Yadda Ake Shawo Kan Jijjiga Idan An Yi Kuskuren Magani a Allurar Baya

Ɗaya daga cikin kurakurai mafi muni a allurar kashe jiki ta baya shi ne a zuƙi tranexamic acid, maganin tsayar da jini, a maimakon bupivacaine, maganin kashe jiki. 'Yan kwalaben sun yi kama, ruwansu garau, kuma a tiyatar haihuwa sukan zauna kusa da juna. Hukumar kula da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi a kai a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta biyo baya a 2022.

Da farko, ka gane abin da wuri. An yi allura, minti biyar sun wuce, ƙafafu ba su mutu ba. Maimakon haka majinyaciya tana kukan zafi a gadon baya da ɗuwawu, ƙafafunta suna fizga, jini ya hau, zuciya tana gudu. A nan ake yawan tafka kuskure na biyu, a ce "allurar ce ba ta kama ba" a sake wata. Kada ka sake. Duba kwalbar da aka fasa, ko da sai ka tono ta daga kwandon shara, ka karanta sunan.

Idan ta tabbata, ɗaga murya a kira taimako, a sa oksijin, a tabbatar da hanyar ƙarin ruwa.

Sai jijjigar kanta. Tranexamic acid yana toshe GABA da glycine, waɗanda su ne burkin ƙwaƙwalwa da laka, shi ya sa take da taurin kai. Fara da midazolam ko diazepam ta jijiya, amma kada ka tsaya jiransu. In ba ta lafa ba, a sa majinyaciya barci gaba ɗaya da propofol ko thiopental, a zura bututun numfashi, a ci gaba da ba da maganin barcin ba yankewa. Ana ƙarawa da magnesium sulphate ko levetiracetam. Abin lura: maganin sakin tsoka yana ɓoye fizgar jiki ne kawai, ƙwaƙwalwa na iya ci gaba da jijjiga.

Idonka na kan na'urar zuciya, na'urar farfaɗo da ita tana kusa, domin rikicewar bugu ce ke kashe da yawa. In da ciki, a ciro jariri ba ɓata lokaci.

Ƙwararre kan wanke ruwan laka: ya zuƙe kaɗan, ya mayar da ruwan gishiri marar sinadarin adanawa, ya maimaita. Da wuri ya fi amfani. Daga nan sai ɗakin kulawa ta musamman, a rubuta rahoto, a gaya wa dangi gaskiya.

Kafin allura ta gaba, a fitar da tranexamic acid daga tiren allurar baya kwata-kwata. Mai miƙa kwalba ya karanta sunan da ƙarfi, mai zuƙa ya sake karantawa da idonsa.