Yadda ake sauya batirin sola na gida da kula da shi a zafin Damagaram

Magidanta da yawa a Zinder, daga Birni har Zengo, suna kukan cewa batirin da suka saya a Kasuwar Dole bai kai shekara biyu ba ya daina riƙe caji, alhali sau da yawa tun wajen zaɓe aka yi kuskure. Batirin mota an yi shi ne domin ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci a tayar da inji, shi kuwa na gida ana so ya riƙa sakin wuta a hankali har asuba, saboda haka wanda aka ƙera domin sola ake nema.

Kafin a je kasuwa, sai a zauna a yi lissafi. Fanka mai wat 50 da za ta yi awa 8 tana cin wat-awa 400, fitilu huɗu masu wat 10 na awa 5 kuma suna cin 200. Idan aka raba jimillar, wato 600, da bolt 12 na batir, za a samu amfiya-awa 50. To, batirin dalma, wato mai dalma da asid a ciki, ba a shanye shi fiye da rabi, don haka mai amfiya-awa 100 ne mafi ƙanƙanta da ya dace. Na lityom ya fi tsada, amma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa, muddin na'urar daidaita caji, wadda ke tsakanin farantin sola da batir, tana da saitin da ya dace da shi.

Wajen sauyawa, a fara raba farantin sola da na'urar caji, sannan a cire baƙar waya kafin ja. Idan an zo ɗaurawa, ja ce farko, baƙa ƙarshe, kuma sai batir ya haɗu da na'urar ake mayar da faranti. A sa fiyus a jikin jar waya kusa da batirin. Kada a haɗa sabo da tsoho, domin tsohon janye sabon yake yi.

Wurin ajiya shi ne abin da na fi so a kula da shi. Ana auna rayuwar batirin dalma ne a kan zafin digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana rage ta da kusan rabi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, batirin da aka aje a ƙarƙashin rufin kwano dafuwa yake yi. A nema masa ɗakin ƙasa mai inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu, domin batirin dalma yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta yayin caji.

Kowane wata a buɗe marafan batirin mai ruwa a leƙa. In ruwan ya sauka har dalmar ta kusa bayyana, a ƙara tataccen ruwan batir wanda babu asid a cikinsa, ba na famfo ko na rijiya ba. Farin garin da ke taruwa a kan batir a goge shi, a ɗaure wayoyi tamau. Bayan batirin dalma ya huta, mitar auna bolt za ta nuna bolt 12.6 zuwa 12.7 idan ya cika. In ta nuna 12.1, ya kai rabi, a kashe kaya. Da hunturu a riƙa share ƙurar faranti da sassafe, domin batirin dalma da ke kwana kullum bai cika ba ƙarfinsa raguwa yake yi, ba ya kuma dawowa. Tsohon batir kuwa a mayar wa masu saye, kada a bar shi a tsakar gida inda yara ke wasa, domin dalma guba ce.