Yadda Ake Cusa Tarbiyya a Darussan Sakandare Ba Tare da Wa'azin Ƙarshen Darasi Ba

Sababbin malamai da yawa, idan aka ce su sa tarbiyya a cikin darasi, sai su koyar da lissafi ko kimiyya har ya rage minti biyar a buga ƙararrawa, sannan su ajiye alli su shiga nasiha a kan gaskiya da riƙon amana. A lokacin nan ɗalibai sun rufe littattafai, hankalinsu yana bakin ƙofa, kuma abin da suke fahimta shi ne karatu daban, hali daban. Na sha ganin wannan tsari ya ci tura a hannun malamai masu kyakkyawar niyya, shi ya sa na jera matakan nan. Shirya darasi da riƙe aji na bar su, domin na ɗauka mai karatu ya san su.

Da farko, ka ɗauki manhajar zangon ka bi ta batu bayan batu, kana neman wurin da mai wannan ilimi zai iya yaudarar wani ko ya cutar da shi. Kada ka fara da jerin kyawawan halaye sannan ka nemi inda za ka tura su, domin ɗalibai suna gane abin da aka liƙa da ƙarfi. A lissafi, darasin matsakaicin adadi ya wadatar. Ka ce ma'aikata goma ne, tara kowannensu yana karɓar 10, na goma yana karɓar 910. Jimilla 1,000, matsakaici 100. Mai kamfanin zai iya shelanta cewa matsakaicin albashi a wurinsa 100 ne, lissafinsa kuma daidai, alhali idan aka jera albashin aka ɗauki na tsakiya, 10 za a samu. Ka tambaye su ko gaskiya ya faɗa, ka bar su su yi gardama. Hali guda ya isa zango guda. Wanda ya ɗauko biyar ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Na biyu, ka kawo labarin mutanen da suka yi aiki a fannin, amma ka guji zaɓar waɗanda ba su da tabo, saboda labarinsu ba ya tayar da tambaya. A darasin sinadarai, Fritz Haber na Jamus ya fi amfani. Shi ya gano hanyar haɗa amoniya daga naitirojin na iska, wadda ake yin takin zamani da ita har yau, kuma aka ba shi kyautar Nobel ta 1918. Shi ne dai ya jagoranci amfani da iskar kulorin mai guba a kan sojoji a Ypres ta Beljiyam a watan Afrilu na 1915. Kada ka yanke masa hukunci a gabansu. Ka sa kowa ya rubuta ra'ayinsa a sakin layi ɗaya tare da dalili, kafin ya ji na abokinsa.

Mataki na uku shi ne inda mafi yawa suke faɗuwa, wato ba da maki, musamman a aikin gwaji. Ɗauki gwajin lilo, inda ake rataya ƙaramin ƙarfe a zare, a auna tsawon zaren da lokacin kai-komonsa, domin a gano yadda saurin faɗuwar abu yake ƙaruwa saboda janyowar ƙasa. Kowane ɗalibi ya gani a littafi cewa amsar kusan 9.8 ce. Sai yaro ya yi aikinsa tsakani da Allah ya samu 9.1 ko 10.6, maƙwabcinsa kuma ya fara daga 9.8 ya yi lissafi baya-baya, ya ƙirƙiri alkaluman da za su dace. Malami ya ba na biyun cikakken maki, ya ja wa na farkon jan layi. Daga ranar, duk nasihar da za a yi a kan gaskiya ta zama shan iska, domin takardar maki ta riga ta faɗa wa yaron abin da ake biya.

Gyaran yana cikin tsarin aikin. A rubuta duk abin da aka auna da biro, ba da fensir ba. Idan an yi kuskure, a soke da layi ɗaya yadda za a iya karanta na farkon. Kafin kowa ya fara lissafi, ka zagaya ka sa hannu a kan alkaluman da ya auna. Wannan zagaye yana cin minti goma, kuma babu gajeriyar hanya a kansa. Sannan ka raba makin tun kafin a fara, ka rubuta rabon a allo: kaso mafi girma na rubuta awo yadda yake da bayanin dalilin saɓawarsa, ƙarami na kusantar amsar littafi. Wanda ya samu 9.1, ya kuma bayyana cewa bai auna zaren har tsakiyar ƙarfen ba, ko ya buɗe lilon da yawa, ko kai-komo biyar kawai ya ƙirga maimakon ashirin, ya fi wanda ya kawo 9.8 ba bayani. Kayan aikin zare ne da ƙarfe da agogo, don haka rashin ɗakin gwaji ba uzuri ba ne.

Idan rukuni guda ya kawo alkaluma iri ɗaya har ɗigo, kada ka tozarta su a gaban aji. Ka kira su gefe su sake gwajin kana tsaye. Bayan haka ne labarin ƙoƙon kan Piltdown yake shiga kunne: an gabatar da shi a Ingila a 1912 a matsayin ƙashin tsohon kakan ɗan'adam, sai a 1953 aka tabbatar ƙoƙon mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri, aka goge haƙoran, aka rina. Ka sanar da shugaban sashenku wannan rabon maki tun da wuri, saboda iyaye za su tambayi dalilin da mai amsa daidai ya samu ƙasa da wani.

Sauran darussa suna bin sahu. A tarihi da harshe, ka wajabta faɗar inda aka samo kowace magana, kuma a muhawara ka ba ɗalibi ɓangaren da bai yarda da shi ba, ya kare shi da adalci. A aikin rukuni, kowa ya rubuta abin da ya yi a ƙarshen takarda, 'yan rukunin su sa hannu.

Game da aunawa, kada ka sa tambayar "mene ne gaskiya" a jarrabawa, domin mai satar amsa ma zai cinye ta. Ka ajiye littattafan gwajin farkon zango, ka kwatanta su da na ƙarshe, ka duba ko sokewar layi ɗaya da bayanin kuskure sun ƙaru.