Yadda Za Ki Bi da Doguwar Naƙuda da Jego Idan a Jidda Haihuwa Ta Same Ki

Haihuwata ta fari a nan Jidda ta ɗauke ni daga la'asar ɗin Talata har bayan azahar ɗin Laraba. Inna tana can Kano, sai bugo waya take tana kuka. Wata dattijuwar maƙwabciyarmu haifaffiyar Makka ce ta tsaya a kaina. Tun daga nan na raka mata da dama asibiti, kuma a wannan zirga-zirgar na tsinci abin da zan gaya miki.

Ki fara shiri tun cikin yana wata takwas. Iƙamarki (katin izinin zama) da ta maigida, takardar aure, katin ta'amin (inshorar lafiya) idan akwai, da fayil ɗin awo, duk su kwana a jaka ɗaya. Ki tambayi asibitin kuɗin haihuwa da kanki da kuma na tiyata, sannan ko suna barin 'yar rakiya ta shiga ɗakin naƙuda, don wasu ba sa bari. Lambar kiran motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar 997 ce, 937 kuma layin ma'aikatar lafiya ne, ana samun likita dare da rana.

Sai sanin lokacin fita. Idan ciwon yana zuwa duk bayan minti 5, yana ɗaukar kamar minti ɗaya, kuma ya yi awa guda a haka, ki tashi. Amma idan faya ta fashe, ko kin ga jini, ko ruwan ya fito kore-kore, ko motsin yaro ya ragu, babu wani lissafin minti, mota kawai. A nan ne kunyarmu take cutar da mu. An raine mu a kan cewa 'yar fari ba ta raki, sai yarinya ta kwana biyu tana murƙususu a ɗaki don kada a ce ta faye kwakwazo. Wata kuma tsoron takardu ne yake zaunar da ita. 'Yar'uwa, kan yaro idan ya daɗe a maƙale yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu, daga nan ake samun yoyon fitsari. Babu kunyar da ta kai wannan tsada.

Da kin isa za a duba buɗewar bakin mahaifa, wanda sai ya kai santimita 10 ake haihuwa. Kada ranki ya ɓaci idan bayan wahalar dare guda aka ce miki 3 ne. Daga farko zuwa 5 tafiyar hawainiya ce, wata takan wuni ta kwana a nan ba tare da wata matsala ba. Daga 5 ɗin ake fara duba agogo da gaske: bisa jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018, wannan zangon ba ya yawan wuce awa 12 ga 'yar fari, awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa. Za su ɗaura miki bel ɗin da suke kira takhɗiɗ don jin bugun zuciyar yaro. Idan an cire shi kuma an ba ki izini, ki sauko ki yi tattaki, ki jingina da bango, ko ki kwanta ta gefen hagu. Kwanciya rigingine awa da awanni ba ta taimakon kowa. Ki kurɓi ruwa, ki ci dabino biyu-uku idan likita ba ta hana ba, kuma ki riƙa zuwa fitsari, don cikakkiyar mafitsara tana tare wa yaro hanya.

Idan abin ya tsaya cak, za su iya fasa fayar da kansu, ko su sa miki ruwan naƙuda, wanda Larabawa ke cewa ɗalƙ sina'i. Yana da zafi, ba zan ɓoye miki ba. Akwai allurar baya, ibratuz zahar, kuma neman ta ba ragwanta ba ne. Ni na ƙi ta don kada a ji labari a unguwa, har yau ina jin haushin kaina. Yawancin nas-nas ɗin 'yan Filifin ne da Indiya, Larabcinsu irin namu ne na kasuwa, saboda haka kalma uku ma sun ishe ki: alam (ciwo), dam (jini), moya (ruwa). Idan kuwa likita ta ce tiyata, saboda kan ya fi ƙugu ko zuciyar yaro ta fara gajiya, maigida ya bar kiran dangi gida yana neman shawara, a sa hannu.

Bayan an sauka lafiya, ki sa yaro a nono cikin awar farko. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu tsofaffi ke cewa a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Ki bar nas ta danna marar ko da zafi, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, kuma kada ki matsa a sallame ki kafin awa 24.

To, sai jego, inda ake rigima da tsofaffi. Gasasshen nama da romo da kunun gyaɗa da shayin hulba, duk ki sha abinki. Kunun kanwa ne nake roƙonki ki bari. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shan kanwa da kuma gashin zafi, don kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Ki haɗa wannan da zafin Jidda na watan Agusta, ki ga. Wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa ya wadatar. Idan an yi miki ƙari, ki zauna cikin ruwan ɗumi mai tsabta, ki bushe wurin sosai. Mai tiyata kuwa ba a gasa mata ciki da tawul, ba ta ɗaukar abin da ya fi jaririnta nauyi har mako 6, amma ta riƙa ɗan takawa tun washegari don kada jini ya daskare a ƙafa.

Jinin biƙi yana raguwa a hankali har wajen arba'in. Ki koma asibiti a ranar, ko da ranar suna ce, idan audugarki tana jiƙewa cikin awa ɗaya, ko akwai zazzaɓi da wari, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi yana sarƙewa idan kin kwanta, ko fitsari yana zuba ba da saninki ba. Haka idan idon yaro ya yi ɗorawa ko ya ƙi kama nono. Kuka ba dalili a kwanakin farko abu ne da aka saba, balle ga wadda uwarta ke wata ƙasa; idan ya wuce mako 2 ki faɗa wa likita.

Takardar sanarwar haihuwa da asibiti za ta bayar, maigida ya bi ta Ahwal Madaniyya, ofishin da ke rajistar haihuwa, tun kafin hidimar suna ta ɗauke masa hankali. Ke kuma ki rubuta ranar komawa awon mako 6 a jikin firij, ki je da tambayarki ta tazarar haihuwa, musamman idan tiyata aka yi miki.