Yadda Ake Bibiyar Dokar Daidaiton Intanet a Amurka

Mai son fahimtar wannan taƙaddama, wato batun hana kamfanonin sadarwa toshe shafuka, rage musu gudu ko fifita wanda ya biya kuɗi, ya fara da matsayin FCC, hukumar tarayya mai kula da harkokin sadarwa a Amurka, wadda ta kafa ƙa'idojin a 2015, ta soke su a 2017, ta kuma maido da su a 2024. Daga nan ya karanta hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na Janairun 2025, wanda ya rushe su bisa hujjar cewa doka ba ta ba hukumar wannan hurumi ba. Sai dai kada ya tsaya a matakin tarayya, domin jihar Kalifoniya tana da tata dokar tun 2018, kuma wancan hukunci bai shafe ta ba.