Yadda za ka zaɓi taya mai gajeren gefe motarka ba ta koma amalanke ba

Duk wanda ya ce babban rim ba ya ƙara wa mota kyau to wallahi bai faɗi gaskiya ba, ka ga Accord ko Camry an ɗora mata rim 18 da siririyar tayar nan da samari suke kira lo furofayil an wanke ta tana sheƙi, dole ka waiga. Matsalar sai ka shiga ciki. Ni ma na taɓa yin wannan gangancin, na cire rim 16 da motata ta zo da shi na saka 18, sati biyu ban cika ba na fara jin kowane tsakuwa na titi a ƙuguna, iyali ma suka fara tambaya wai me ya samu motar ne take ta ƙara haka, ranar da na faɗa wani rami da daddare kuwa da safe na tarar gefen tayar ya yi ƙullutu rim ɗin kuma ya ɗan lotse. Daga nan na zauna na koyi abin, kuma abin da na gano shi ne ana iya hawa lo furofayil a ji daɗi daidai gwargwado, amma sai ka san lissafin.

Fara da rubutun da ke jikin tayar, don yawancinmu lambar ƙarshe kawai muke kallo mu ce "ba ni taya sha bakwai". Misali ka ga 225/45 R17 91W. 225 ɗin faɗin tayar ne a milimita. 45 ɗin shi ne inda maganar take, ba milimita ba ne, kaso ne, wato tsayin gefen tayar daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa kashi 45 cikin 100 ne na faɗinta, idan ka buga za ka samu wajen milimita 101. 17 girman rim ne a inci. 91 nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ne, kilo 615 kenan, W kuma iyakar gudunta, kilomita 270 a awa. Tayar da lambarta ta tsakiya, wato inda 45 ɗin nan take, ta kama daga 50 zuwa ƙasa, wasu su ce daga 55, ita ake kira lo furofayil.

To wannan gefen shi ne katifar motarka ta farko. Kafin shokazoba ya ji komai gefen taya da iskar da ke cikinta ne suke fara shanye dukan, in ka rage shi ka rage katifa kenan, kuma kamfani dole ya ƙara masa tauri don kada ya lanƙwashe. Shi ya sa motar take kama hanya da kyau a kwana, sitiyari ya riƙa jin magana nan take, amma rami da tudun rage gudu kai za su sauka.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tunda lambar tsakiya kaso ce, ba za ka kwatanta ta ita kaɗai ba. Taya 245/40 gefenta milimita 98 ne, ita kuma 205/45 milimita 92 kacal, ka ga mai 40 ɗin ta fi mai 45 tsayin gefe. Don haka ka ciro wayarka a gaban mai shago ka buga faɗi sau kaso, kada ka ji kunya. Ni a nawa ganin, a irin titunanmu, duk abin da ya gaza milimita 100 ka shirya wa ciwon baya da gyaran rim, daga 105 zuwa 115 kuwa nan ne mota take da kyan gani kuma ba ta azabtar da kai. Wannan ra'ayina ne fa daga abin da na hau, wanda yake yawo iya Maitama da Asokoro zai iya sauka ƙasa da haka lafiya lau.

Yanzu zaɓen rim. Ƙa'idar ita ce tsayin ƙafar gaba ɗaya, rim da taya a haɗe, kada ya canza sosai daga yadda kamfani ya yi, masu sana'ar sukan ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100. Duk incin da ka ƙara wa rim daga gefen taya ake zare shi. Ɗauki Accord ta 2008 zuwa 2012, wadda ake kira Anakonda. Kamfani ya fitar da ita da 215/60 R16, gefe milimita 129, da 225/50 R17, gefe wajen 112, sai mai ƙofa biyu V6 da take zuwa da 235/45 R18, gefe wajen 106. Duk ukun tsayinsu kusan ɗaya ne a tsaye amma ka ga yadda katifar take raguwa. In kana son kyau da daɗi a tare 17 ɗin nan ita ce tsakiya, kuma ita zan ba kowa shawara. Corolla ma haka, 195/65 R15 zuwa 205/55 R16, in ka matsa 215/45 R17 gefen ya dawo wajen 97, a ƙaramar mota mara nauyi kuwa za ka ji shi sosai, ni dai Corolla ba zan wuce 16 ba.

Idan kuma motar da babban rim ta zo maka daga Kwatano, kana da hanya biyu. Ko ka sauko da inci ɗaya, misali daga 225/40 R18 zuwa 225/45 R17, ka samu ƙarin milimita 11 a gefe tsayin ƙafar kuma bai canza da komai ba sai milimita 3, amma a gwada rim ɗin a ƙafar gaba tukunna a juya a tabbatar bai taɓa birki ba, kuma ramukan noti su dace, don Camry da Accord 5x114.3 ne, Mercedes 5x112, ba kowane rim ke shiga kowace mota ba. Ko kuma ka bar rim ɗinka ka ɗan ƙara gefe. A nan ne ake kuskure, wani zai ce maka kawai cire 225/45 R17 ka saka 225/50 R17, to wannan ya ƙara tsayi da kusan kashi 3 da rabi, mitar gudu za ta nuna 100 alhali kana kan 103 da wani abu, kuma in ka ɗauki mutane a baya ko ka karya sitiyari gaba ɗaya tana iya gugar bodi. 215/50 R17 ta fi kusa, ƙarin wajen kashi 2 ne, sai dai ka duba lambar nauyinta kada ta gaza ta asali.

Bayan girma sai irin tayar, kuma wallahi wannan yana kawo bambanci fiye da yadda ake zato. Taya biyu masu lamba iri ɗaya sak, ɗaya an yi ta don gudu da kwana ɗaya an yi ta don tafiya mai laushi. Irin su Michelin Pilot Sport, Bridgestone Potenza, Pirelli P Zero, Goodyear Eagle F1, waɗannan na masu wasa da mota ne, gefensu da tauri. Kai da kake neman kwanciyar hankali ka nemi layin Michelin Primacy, Bridgestone Turanza, Continental PremiumContact, Pirelli Cinturato P7, Goodyear EfficientGrip ko Yokohama Advan dB. Na san kuɗinsu ba wasa ba ne yanzu, da yawa tayar Chana muke sakawa kuma ba laifi ba ne, a cikinsu ma akwai masu laushi da masu tauri, ka tambayi wanda ya hau irin ta a mota irin taka, ka kuma kalli zanen, wadda zanenta manya manyan gunduwa ne ko mai kama da kibiya ta fi yin kuka a kwalta musamman in ta fara cinyewa, mai ƙananan zane da layuka a miƙe ta fi shiru.

Sai ran fulat, tayar da ko ta yi faci za ka iya ci gaba da tafiya wajen kilomita 80 in ba ka wuce gudun 80 ba. BMW da yawa da ita suke zuwa. Za ka gane ta da rubutu kamar RFT, ZP, SSR ko RSC. Abin da ya sa take iya tafiya ba iska shi ne gefenta an yi shi da kauri da tauri sosai, to ka haɗa wannan da gajeren gefe ka ga abin da zai fito. Masu BMW da yawa suna cire ta su saka ta gama gari motar ta yi laushi nan take, amma ka tuna irin waɗannan motocin galibi ba su da safaya a but, in za ka canza to ka tanadi safaya da jak, kada dare ya yi maka tsakanin Zariya da Funtuwa kana kallon taya a kwance.

Akwai kuma XL, mai ɗaukar ƙarin nauyi. In motarka ita kamfani ya rubuta to ita za ka saka ba zaɓi, kada ka rage lambar nauyi don neman laushi, wannan wasa da rai ne. In ba a rubuta ba, ba dole sai ita ba, duk da ni a titi mai ramuka ban ƙi ta ba don takan fi jure duka. Ka kuma nemi mai ɗan leɓe a gefe da yake kare bakin rim daga gugar kwalbati, Continental suna rubuta FR, Dunlop kuma MFS.

Maganar zafi. A gefen taya akwai inda aka rubuta darajar jure zafinta, A ko B ko C, wanda zai hau titin Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu da rana tsaka A ya kamata ya nema. Sannan ka kula da tayar da ke da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, yawanci ta lokacin sanyin Turai da Kanada ce, tana yawan shigowa cikin 'yan Beljiyam ko a jikin motar da aka shigo da ita. Mai shago zai danna maka ita da yatsa ya ce Alhaji ji laushi, kuma gaskiya ne da laushi, amma robarta ba don kwaltarmu aka yi ta ba, zafi yana cinye ta da wuri kuma birki ba ya kamawa yadda ya kamata.

Tunda an zo kan 'yar Beljiyam, a doka dai tsohuwar tayar mota tana cikin kayan da kwastan suka hana shigowa da su Najeriya, amma kowa ya san kasuwa cike take. In aljihu ya tilasta maka, duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT, 2322 yana nufin sati na 23 a shekarar 2022. Roba tana bushewa da shekaru, tsohuwar taya ko zanenta yana nan ta riga ta yi tauri, ka sayi lo furofayil mai shekara 8 ka ce kana neman laushi ai ka yaudari kanka. Michelin da kansu cewa suke a riƙa duba taya duk shekara in ta kai 5, in ta kai 10 a cire ko da kyanta, 'yan Road Safety ma suna duba wannan lambar a hanya. Ka sa hannu ta ciki ka shafa ko'ina, in ka ji faci a gefe ko ka ga tsattsagewa ajiye ta. Zurfin zane kuma in ya kusa milimita 1.6, inda ya yi daidai da ɗan tudun da ke cikin layin, ta gama aiki.

Iska kuwa, nan ne rabin masu kukan tauri matsalarsu take kuma gyaran kyauta ne. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, wasu motocin a murfin tanki take, za ka ga abin da kamfani ya ce, ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne a ma'aunin iska na PSI. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake so ka saka ba. Wani dattijo mai faci da nake zuwa wajensa na ce masa Baba 33 za ka sa min, ya kalle ni ya ce "yaro wannan siririyar in ba ta sha 45 ba rim za ka fasa", na ce Baba a yi haƙuri dai a sa 33 ɗin, da na gwada da gejina na gida ma sai na ga nasa gejin ya yi ƙarya da kusan 4. Sayi naka gejin ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin ka yi tafiya don iska tana ƙaruwa in taya ta yi zafi, kuma kada ka sace iskar a tsakiyar tafiya don ka ga ta hau. Amma Baba yana da gaskiya ta wani ɓangaren, kada ka rage ƙasa da abin da aka rubuta wai don laushi, lo furofayil ba ta nuna ta sace a ido, za ka ganta tsaye ƙyam alhali ta sauka 22, ka daki rami rim ya tsinke gefen daga ciki shikenan ƙullutu ya fito, kuma ƙullutu ba ya gyaruwa sai canji. Lokacin hunturu ma ka ƙara dubawa don sanyin asuba yana saukar da ita.

Rim ɗin kansa ka ɗaga shi ka ji nauyinsa kafin ka biya, akwai masu kyalkyali da arha da suke da nauyin tsiya, rim mai nauyi yana wahalar da shokazoba ya sa mota ta riƙa dukan ƙasa. In na hannu ne a ɗora shi a injin balansin a juya a gabanka ka ga ko yana rawa, ka leƙa ta ciki ko an taɓa yi masa walda.

Ranar da za a ɗaura, a canza bawul, a yi balansin duk huɗun, a yi alaimen, in mai kibiya ce a tabbatar kibiyar tana kallon gaba, in an rubuta Outside ya kalli waje. Guda biyu kawai ka samu kuɗinsu? Su zama iri ɗaya kuma a sa sababbin a baya. Kafin duk wannan ma ka sa bakanike ya duba shokazoba da bushin, don gajeren gefe yana tona asirin duk abin da ya mutu a ƙasan mota, tawa bayan na sauko 17 har yanzu ina jin wani ƙwas ƙwas a gaba, ashe bushin biyu ne suka fashe tun ranar ramin nan.